Me ya sa ƙwan mesa ke lalacewa kafin ƙyanƙyasa? Amsa ga mai tambaya daga Daura

Wani bawan Allah daga Daura ya aiko da tambaya cewa yana kiwon mesa biyu, mace da namiji, kuma a farkon watan Afrilu macen ta saka ƙwai 22. Ya kwashe su daga ƙarƙashinta, ya ɓamɓare waɗanda suka manne da juna, ya wanke su, sannan ya kai 12 injin ƙyanƙyasar kaji na wani maƙwabcinsa. Sauran 10 ya jera su a kan jiƙaƙƙen yashi cikin baho a ɗakinsa mai rufin kwano, yana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Kafin mako uku na cikin injin duk sun lotsa sun fara wari, na cikin bahon kuma huɗu sun yi fumfuna. Yana son sanin abin da ya kashe su, da maganin fumfunar, da yadda zai tsira da shidan da suka rage.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Zan fara da fumfunar, domin a kanta ka fi ɗora laifi, alhali a mafi yawan lokuta ba ita ce ke kashe ƙwan maciji ba. Ƙwai mai rai yana da kariyarsa, kuma sau da yawa za ka ga lafiyayyen ƙwai manne da ruɓaɓɓe har ranar ƙyanƙyasa ba tare da fumfunar ta ci shi ba. Idan ka ga ta lulluɓe ƙwai gaba ɗaya, to galibi ɗan tayin da ke ciki ya riga ya mutu kwanaki kafin nan, ko kuma tun asali babu shi. Saboda haka neman maganin fumfuna ba zai fitar da kai ba, sai an koma baya an gano abin da ya kashe ɗan tayin, kuma a labarin da ka bayar na ga dalilai aƙalla huɗu da kowannensu ya isa.

Tushen matsalar shi ne an ɗauki ƙwan maciji an yi masa hidimar ƙwan kaza, kuma kama da wane ba ta wane. Ƙwan kaza yana da ɓawo mai tauri, yana ɗauke da duk ruwan da ɗan tsako zai buƙata, kuma a cikin kwana 21 da yake yi raguwa nauyinsa ke yi. Ƙwan maciji kuwa ɓawonsa kamar fata yake, mai laushi, ruwa na shiga yana fita ta cikinsa, kuma daga danshin da ke kewaye da shi yake samun ƙari ko ya yi asara. Injin kaji ana saita shi ne a wajen digiri 37.5 zuwa 38, da laimar iska wadda ba ta cika wuce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ba sai a kwanakin ƙarshe, da fanka mai kaɗa iska, da tire mai juya ƙwai kowane awa ɗaya ko biyu. Ƙwan mesa yana son digiri 30 zuwa 32 ne, da laima ta kashi 90 ko fiye, da iska marar kaɗawa, kuma ba ya son a motsa shi ko kaɗan. Duk abin da injin nan yake yi domin amfanin kaza cutarwa ce ga mesa, don haka 12 ɗin can ba su da wata hanyar tsira, kuma ina kyautata zaton zafi ya gama da su tun a kwanakin farko, lotsawa da warin daga baya suka biyo.

Batun juyawa yana buƙatar ƙarin bayani, domin masu kiwon kaji sun saba da cewa ƙwan da ba a juya ba shi ne ke lalacewa. Idan ka fasa ɗanyen ƙwan kaza za ka ga wasu farare zare biyu masu kauri a gefen gwaiduwa, su ne ke riƙe ta a tsakiya, ta yadda duk inda aka juya ƙwan ɗan tayin zai dawo sama. Ƙwan maciji ba shi da wannan zaren. Bugu da ƙari, lokacin da maciji ke saka ƙwai ɗan tayin ya riga ya yi nisa a cikin uwa, har da jijiyoyin jininsa, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu yakan zauna a saman ƙwan ta ciki, jijiyoyin su shimfiɗu a jikin ɓawo inda yake samun iska. Idan aka kifa ƙwan bayan haka, nauyin gwaiduwa na iya danne shi, ko jijiyoyin su yage. Ba ina nufin ɗan karkacewa sau ɗaya hukuncin kisa ba ne, domin akwai ƙwai da ke tsallake hakan, amma babu dalilin gwada sa'a. Abin da ake yi shi ne a sa fensir a yi ɗan alama a saman kowane ƙwai tun kafin a ɗaga shi daga inda uwa ta ajiye, kuma duk inda za a kai shi alamar nan tana sama.

Ɓamɓarewar da ka yi ita ma tana da illa. Ƙwan mesa na fitowa da danshi, kuma cikin 'yan sa'o'i sukan manne su zama dunƙule guda. Wannan dunƙulewar tana hana su mirginawa, tana kuma rage fuskar ɓawon da iska ke busarwa. Wanda ya ja su da ƙarfi bayan sun bushe yakan bar wurin mannewar ya yi siriri ko ya tsage tsagewar da ido ba ya gani, kuma ta nan ruwan ciki ke tsatsowa, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Wankewa kuma ba ta da wani amfani, tana jiƙa ɓawon ne kawai ta ɗauke abin da uwa ta bari a kansa. Ƙasa ko datti a jikin ƙwan maciji ba abin damuwa ba ne, a cikin rami da shuri ake saka shi a daji.

Yanzu ga na cikin bahon, kuma a nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo. Yawancin bayanan kiwon macizai da ake samu a intanet daga Turai da Amurka suka fito, inda damuwar mai kiwo ita ce yadda zai ɗumama ƙwai. Mu a Katsina da Daura, daga Maris zuwa Mayu, damuwarmu ita ce yadda za mu sanyaya shi. Da rana tsaka a watan Afrilu zafin waje kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da silin kuma yakan fi haka, sannan da asuba ya sauko sosai. Ƙwan mesa yana jure ɗan sanyi na wasu sa'o'i, illarsa jinkirin ƙyanƙyasa, amma ba ya jure zafin da ya wuce kima. Daga digiri 34 zuwa 35 an shiga haɗari, kuma idan abin ya ɗore ɗan tayin yakan mutu, ko ya fito da karkataccen ƙashin baya ko wata nakasa. Na taɓa rasa dunƙule guda na ƙwai ta wannan hanyar a farkon aikina, domin na rataye ma'aunin zafi a bangon ɗaki ina karanta shi da safe da dare, ban taɓa duba abin da yake nunawa da ƙarfe uku na rana a daidai inda ƙwan suke ba. Da na fasa su daga baya na tarar da 'ya'yan sun kusa kammaluwa, kuma har yau abin yana damuna.

Ga zafi, ga kuma bushewar iskar bazara kafin saukar ruwa. Bahon da ba shi da murfi yana bushewa cikin sa'o'i kaɗan, sai ka zo da yamma ka jiƙa ƙwan sharkaf, gobe da rana su sake bushewa. Wannan kai-kawon tsakanin jiƙa da bushewa ya fi kowane ɗayansu muni. Abin da ƙwan maciji ke so shi ne iskar da ke kewaye da shi ta cika da laima amma ɓawonsa ya kasance a bushe. Ta ƙananan ƙofofin ɓawon ɗan tayin ke numfashi, kuma idan ruwa ya kwanta a kai ya toshe su, tamkar an shaƙe shi ne. Ƙwan da ruwa ya yi wa yawa za ka ga ya kumbura ya yi tauri, wani lokaci da wasu tabo masu kama da takardar da mai ya taɓa, ko yana fitar da ɗigo kamar gumi. Wanda ruwa ya yi wa kaɗan kuma lotsawa yake yi tun a makonnin farko. Na biyun ya fi sauƙin gyara, domin ƙwan da ya ɗan lotsa yakan cika ya dawo cikin 'yan kwanaki idan laima ta daidaita, amma wanda ya shaƙe ba ya dawowa. Saboda haka daga yau ka daina yayyafa ruwa a kan ƙwan, idan za a ƙara ruwa a gefen akwati ake zuba shi, nesa da su.

Mai yiwuwa ne kuma a cikin huɗun da suka yi fumfuna akwai baragurbi tun asali, wato waɗanda namiji bai ba su rai ba. Irin waɗannan sukan fi sauran ƙanƙanta, launinsu ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, jikinsu da maiƙo ko tauri kamar roba, kuma babu kulawar da za ta sa su ƙyanƙyashe. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce. Da dare ka kashe fitila, ka ɗora bakin ƙaramar tocila marar zafi a gefen ƙwan ba tare da ka ɗaga shi ba. Mai rai zai haska ja-ja ko ruwan hoda, ka ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saiwar bishiya. Marar rai zai haska ruwan ɗorawa fayau babu jijiya ko ɗaya, wanda ya mutu a hanya kuma jijiyoyinsa sukan dushe su narke, launin ya dagule. Ka yi wa shidan nan wannan gwajin, amma wanda ka yi shakka a kansa kada ka yar, ka ba shi mako guda ka sake dubawa, domin hanci ba ya kuskuren ruɓaɓɓen ƙwai idan lokacinsa ya yi.

Ga yadda nake ba da shawarar a shirya musu wuri da kayan da ake samu a kasuwanninmu. Ka nemi roba mai murfi, mai zurfin da ƙwan ba za su taɓa murfin ba, ka huda ƙananan ƙofofi biyu zuwa huɗu a gefenta na sama. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna amfani da wani ma'adini marar nauyi mai suna bamikulait, suna haɗa shi da ruwa daidai wa daida a sikeli, wato giram 500 na ma'adinin da giram 500 na ruwa, ta yadda idan an dunƙula a hannu zai haɗe amma ba zai ɗiga ba. Idan ba ka same shi ba, hanyar da ta fi dacewa da kai ita ce ka zuba tsakuwa wankakkiya a ƙasan robar, ka zuba ruwa ya tsaya ƙasa da saman tsakuwar, ka ɗora ragar roba a kai, sannan ka jera ƙwan a kan ragar yadda suke kwance yanzu, kowanne da alamarsa a sama. Ta haka ruwa na ƙasa yana cika robar da laima, ƙwan kuma ba su taɓa shi. Ka guji dusar katako da buntun shinkafa da taki, domin da sun jiƙa suke yin fumfuna, wasu ma su ɗauki zafi da kansu. Yashi bai kai su muni ba, sai dai yana daskarewa ya riƙe ruwa a ƙarƙashin ƙwan inda ba ka gani.

Ita wannan robar sai a sa ta cikin babbar kula irin ta masu sayar da ruwan sanyi, a jera gorunan ruwa cike a kewaye da ita, ruwan da ba na firji ba. Amfanin gorunan shi ne ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kuma ba ya saurin sakinsa, don haka zafin rana da sanyin asuba duk sukan iso wurin ƙwan a rage. Kular a ajiye ta a ƙasa, a ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, kuma a nan ginin ƙasa mai rufin soro ya fi na bulo da kwano nesa ba kusa ba. Ka sayi ma'aunin zafi mai igiya guda biyu, ka sa kan igiyar a daidai tsayin ƙwan, domin ma'aunai masu araha sukan saɓa da juna da digiri ɗaya ko biyu, kuma a wannan aikin digiri biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ka riƙa rubuta abin da suka nuna da asuba, da ƙarfe uku na rana, da bayan isha'i. Idan ka ga rana na kai su sama da 33, ka lulluɓe kular da jiƙaƙƙen buhun algarara a inda iska ke ratsawa, ko ka canza gora ɗaya da ta ruwan randa, amma ƙanƙara kada ta kusanci ƙwan.

Wasu sukan tambaya ko dabarar tukunya cikin tukunya za ta yi, wadda Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa domin adana kayan lambu har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana iya taimakawa a tsananin bazara, domin jiƙaƙƙen yashin da ke tsakanin tukwanen biyu yana janye zafi yayin da yake bushewa, sai dai a busasshiyar iska takan sanyaya fiye da abin da ƙwan mesa ke so, don haka sai an gwada ta da ma'auni kwana biyu ko uku babu ƙwai a ciki. Kuma ka tuna cewa ƙwanka za su kai damina, tun da na mesar ƙasarmu yakan ɗauki wata biyu da rabi zuwa uku. Da ruwa ya sauka a Yuni dare zai yi sanyi, lissafin ya juya, wataƙila ka koma sa gorar ruwa mai ɗumi da dare. Wanda zai yi amfani da abin ɗumamawa na lantarki lallai ya haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai iyaka, domin dawowar wuta da rana a kan abin ɗumamawa marar wannan na'urar ta fi ɗaukewar wutar haɗari.

Murfin robar zai riƙa tara raɓa ta ciki, musamman idan wajen ya fi cikin sanyi. Ka ɗan karkata robar kaɗan tun kafin ka jera ƙwan, domin raɓar ta gangara gefe, kuma duk lokacin da ka buɗe ka share murfin. A makonnin farko buɗewa sau ɗaya ko biyu a mako na minti guda ta isa canza iska. A makonni biyun ƙarshe 'ya'yan sun girma, numfashinsu ya ƙaru, har jikinsu na fitar da ɗan zafi, don haka sai a riƙa buɗewa kullum. A wannan lokacin ne kuma ƙwan za su fara lotsawa, kuma wannan lotsawar ta ƙarshe alama ce ta kusantar fitowa. Mutane da yawa sukan firgita a nan su antaya ruwa, su kashe abin da suka yi wata biyu suna reno.

Idan fumfuna ta ɗan taɓa ƙwan da tocila ta nuna yana da rai, ka share ta a hankali da busasshiyar auduga, ka rage danshi, ka ƙara iska. Wasu masu kiwo sukan barbaɗa ɗan hodar maganin ƙaiƙayin ƙafa a daidai wurin, kuma ban ga laifin hakan ba idan kaɗan ne. Mataccen ƙwai da ke shi kaɗai a fitar da shi. Wanda ke manne da mai rai a bar shi ya bushe a wurin, sai fa idan ya fara zubar da ruwa ko tsutsa ta shiga, sai a yanke shi da almakashi mai tsabta a bar guntun ɓawonsa a jikin mai ran. Tsutsar daga wasu ƙananan ƙudaje take zuwa waɗanda warin ruɓa ke jawowa, don haka ka rufe ƙofofin robar da ƙyalle mai laushi. Kiyashi da cinnaka kuma suna iya cinye dunƙule guda a dare ɗaya, maganinsu a ɗora kular a kan benci a sa ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa ko na hayaƙi kada su shiga ɗakin, domin ɓawon da ke shan ruwa yana shan guba.

Game da gaba, ra'ayina shi ne wanda ba shi da tsayayyar wuta da kayan aunawa ya bar wa uwar ƙwanta. Mesa na daga cikin macizan da ke kwanci, tana naɗe jikinta a kan dunƙulen ta rufe shi ruf, kuma wannan naɗewar ce ke hana ƙwan bushewa. Abin da take buƙata daga gare ka shi ne akwati mai duhu a wuri mai inuwa, da ɗan danshi a shimfiɗarta, da ruwan sha, da rashin damu. Ba ta cin abinci a tsawon kwancin kuma takan rame ƙwarai, shi ya sa macen da ba ta samu ci mai kyau ba kafin ta ɗauki ƙwai takan saka baragurbi da yawa ko ƙwai masu siririn ɓawo. A ciyar da ita dabba sukutum da ƙashinta da gashinta, domin daga ƙashin take samun sinadarin da ke gina ɓawo. Sai dai mesa mai kwanci tana da faɗa, kuma babba tana da ƙarfin da mutum ɗaya bai kamata ya tunkare ta shi kaɗai ba, yara kuma a nesanta su da wurin gaba ɗaya. Ka kuma je ofishin kula da gandun daji na jiha ka daidaita batun izini, domin mesa na cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, da dokar Nijeriya kan dabbobin da ke fuskantar barazana suka ƙayyade kamunsu da cinikinsu, kuma mai 'ya'ya shida a hannu zai fara tunanin inda zai kai su.

Ga sauran masu karatu da kan tsinci ƙwai a gona ko a shuri lokacin sharar gona, wannan bayanin ba izini ba ne na kai su gida. Gamsheƙa da kububuwa duk ƙwai suke sakawa, kuma ɗan da ya fito yau yana da dafinsa. Kasa ce ke haihuwar 'ya'yanta a raye. Ƙwan da ba ka ga uwarsa ba ka bar shi inda yake.

Idan Allah ya kai shidan nan lokacinsu, za ka ga ɗan tsagi a saman ƙwai da kumfa, wanda ɗan ya yi da wani ƙaramin haƙori da ke bakin hancinsa. Zai leƙo da kai ya koma, kuma yakan zauna a ciki kwana ɗaya zuwa biyu yana shanye sauran gwaiduwa ta cibiyarsa. Kada ka jawo shi, kada kuma ka yi gaggawar yanka sauran, sai idan kwana biyu sun wuce da tsagin na farko akwai wanda bai motsa ba, a nan ne ake yin ɗan yanka ƙarami a sama, a kauce wa jijiyoyi, a mayar da murfi. Wanda ya fito a sa shi a roba ta daban mai jiƙaƙƙen ƙyalle da ruwan sha, kuma ba a ba shi abinci sai ya yi saɓar farko, wajen kwana goma zuwa mako biyu. Ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓawa, kuma idan ka haska su da tocila a daren yau ka aiko mini da abin da ka gani a kowanne, tare da zafin da ma'auni ya nuna da ƙarfe uku na rana.